Darasin Wannan Wata: Okzalis, Ado a Tukunya, Masifa a Gona

'Yan'uwa manoma, akwai wani ɗan tsiro da ake kira okzalis, wanda mutane ke ajiyewa a tukunya don ado. Irin da aka fi so asalinsa daga Barazil ne. Ganyensa launin shunayya ne, uku-uku a kan sanda ɗaya, kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. Da rana yakan buɗe, da dare ya rufe. Renonsa ba wuya, amma akwai gargaɗi.

Yadda Ake Shukawa

1. Ku sami tukunyar ƙasa, ku huda gindinta domin ruwa ya riƙa tsiyayewa.
2. Ku gauraya ƙasa mai kyau da yashi da ruɓaɓɓen taki.
3. Ba da ƙwayar iri ake shuka shi ba, sai da 'yan saiwoyinsa masu kauri da ke cikin ƙasa. Ku binne su zurfin inci 1. Cikin 'yan makonni za su tsiro.
4. Ku ajiye tukunyar bakin taga ko a baranda, inda hantsi zai same ta. Zafin ranar tsaka yakan ƙone ganyen.
5. Ku taɓa ƙasar da yatsa. In samanta ya bushe, ku ba da ruwa. Yawan ruwa yana ruɓar da saiwa.

In Ganye Ya Bushe

Da zafin bazara yakan yi yaushi, ganye ya zube. Kada ku ce ya mutu, hutawa yake yi. Ku daina ban ruwa, ku ajiye shi a inuwa. In sabon toho ya fito, ku ci gaba da ba shi ruwa.

Ga Gargaɗin

Kada ku zubar da ƙasar tukunyar a lambu, ko a ramin taki, ko a gona. Dangin okzalis suna yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa kamar aya-aya. Wani iri daga Meziko, wanda aka kai ƙasashe don ado, ya zama muguwar ciyawa a gonakin Kenya da Uganda da Indiya. Fartanya ba ta kashe shi, sai dai ta watsa 'yan albasarsa. Abin da ya yi muku yawa, ku shanya ya bushe ƙurmus, ku ƙone.

Kuma ganyensa yana da tsami kamar yakuwa, amma in an ci da yawa yana cutar da ƙoda. A Ostareliya wani irinsa ya sha kashe tumaki. Ku ɗora tukunyar inda awaki da yara ba za su kai ba.

Tambayoyi Don Taron Ƙungiya

1. Wace ciyawa ce ta shigo gonakinmu daga waje, ta wace hanya kuma?
2. Ina muke zubar da tsohuwar ƙasar tukwane?