Darasi na 14: Kuɗin Jama'a da Sabuwar Hanya

Mutanen Ɗanzomo, da sauran jama'ar ƙasar Gumel, ku saurara. Darasinmu na yau a kan hanya ne, da kuɗin da a ke yin ta da su.

Iyayenmu sun biya haraji da jangali. Kuɗin su kan shiga Baitulmalin En'e. Da su a ke gyaran hanya, a gina rijiya, a buɗe makaranta da ɗakin shan magani. A 1930 layin dogo ya isa Nguru daga Kano, ya bi ta Gagarawa. Gyaɗar ƙasar nan ta sami mafita. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. A 1991 kuwa aka fitar da Jihar Jigawa daga Jihar Kano.

To, yanzu daga ina kuɗin aiki su ke zuwa? Kowane wata a kan raba kuɗin asusun tarayya a Abuja. Kuɗin man fetur ne, da na kwastan, da harajin kamfanoni. Cikin kowace naira 100, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan su na samun kamar naira 20. Sule Tankarkar ta na da rabonta. Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, kowace da nata. A 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su rabonsu kai tsaye. Ku sani kuɗin nan na jama'a ne. Wanda ya gina muku rijiya da su, haƙƙinku ya ba ku.

Akwai wata sabuwar hanya da mota ba ta bi. Sunanta intanet. Magana, da wasiƙa, da hoto, da kuɗi, su ke bin ta. A 2001 wayar hannu ta fara aiki a Nijeriya. Wayar ba ta magana sai da ƙarfen sabis kusa. Ƙarfen kuwa ba ya aiki sai da wuta, ko ta inji ko ta hasken rana. Akwai kuma waya mai zaren gilashi da a ke binnewa a gefen titi. Ita ke ɗaukar saƙo daga gari zuwa gari.

Kafa ƙarfe ɗaya ya na cin kuɗi masu yawa. Kamfani ɗan kasuwa ne, inda riba ta ke can ya ke zuwa. Don haka birni ya kan samu, ƙauye ya jira. Saboda wannan, dokar sadarwa ta 2003 ta kafa wani asusu mai suna USPF, a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC. A na zuba masa wani kashi na kuɗin da kamfanonin waya su ke biya. Aikinsa taimakawa a kai sabis inda kamfani ba ya ganin riba, a kuma sa kwamfuta a makarantu. Dokar lantarki ta 2005 ita ma ta kafa hukumar kai wuta karkara.

Mene ne amfaninmu? Ku tuna farkon 2023, sa'ad da aka canja naira, takardun kuɗi suka yi wuya. Ranar Alhamis mutum ya kai ragonsa kasuwar Maigatari. Mai saye ya ce ba tsaba, sai dai ya turo ta waya. Wanda ya iya duba wayarsa ya sayar. Wanda bai iya ba ya koma gida da rago, ko ya karyar da shi. Manomin riɗi da zoɓo kuwa ya kan ji farashin Kano tun bai ɗora wa jaki kaya ba. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta a ke yin ta. Yaron da bai taɓa ganin kwamfuta ba, yaya zai yi?

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. In ba sabis a unguwarku, ku taru wurin dagaci. Ku rubuta takarda. Ku faɗi sunan gari, da yawan gidaje, da nisan inda a ke samun sabis. Ku ba kansila ɗaya, ku kai wa shugaban ƙaramar hukuma ɗaya, ku aika wa ɗan majalisarku ɗaya. Ku ajiye ɗaya a hannunku, da kwanan wata a kanta. In an yi shiru, ku sake rubutawa. In aiki ya zo, ku tsare shi. Kada a saci batir. Kada a tona wayar da aka binne.

Amma duk wannan sai da karatu. Wanda bai iya karatu ba, wani ke karanta masa saƙonsa. Wani kuma ke danna masa lambar sirrin asusunsa, asirinsa ya koma hannun mutane. Lalle kada ka fasa zuwa aji.

Tambayoyi

1. Ta wane gari layin dogo ya bi a ƙasar Gumel?
2. Don me kamfani ya ke fara kai sabis birni?
3. Waɗanne abubuwa uku za ku faɗa a takardar neman sabis?
4. Rubuta sunan garinku, da sunan ƙaramar hukumarku.