Yadda Ake Koyar da Ƙa'idojin Martaba da Jimloli Masu Gaɓoɓi a Darasin Aljabara

Duk malamin lissafin da aka tura ƙasar Gabi, ko wani gari daga garuruwan Madarumfa da ke dab da iyakar Nijeriya, ba zai daɗe ba sai ya lura da wani abin mamaki, wato yaran da ke juya naira zuwa sefa a ka, ba alƙalami ba takarda, su faɗa maka canjinka tun kafin ka rufe baki, su ne kuma waɗanda idan aka rubuta musu x² × x³ a allo sai su yi tsuru-tsuru suna duban juna. Galibi asalin cutar ɗaya ce: an jera musu ƙa'idoji biyar ko shida da Faransanci, an ce su kwafe su haddace, alhali kuwa ba wanda ya nuna musu inda ko ɗaya daga ciki ta fito. Maganin da za mu bayyana a nan shi ne a bar yaro ya bi doguwar hanya har ya gaji da ita, domin wanda ya gaji da rubuta 2 sau bakwai shi da kansa zai nemi gajeriyar hanya, in kuwa ya same ta da hannunsa da wuya ya sake mantawa.

Da farko malam ya rubuta 2 × 2 × 2 × 2 × 2 a allo, ya sa a ninka ɗaya bayan ɗaya har a kai 32, sa'an nan ya nuna cewa ana taƙaita wannan da 2⁵. Lambar ƙasa mu kira ta tushe, ƙaramar da ke samanta kuma martaba, aikinta kuwa faɗin sau nawa tushen ya bayyana a cikin ninkin. A nan ne kuskure na farko yake ɓoye, domin rabin aji za su ce 2⁵ goma ne. Saboda haka kada malam ya kuskura ya soma da misalin 2², gama 2 × 2 da 2 + 2 duk 4 suke bayarwa, mai daidai da mai kuskure sai su tashi da amsa ɗaya, malam ya tafi gida yana zaton an gane. Ya soma da 3², inda mai cewa 6 zai bambanta da mai cewa 9. Kafin a tashi a ranar, a gina tsani a gefen allo, daga 2¹ har zuwa 2¹⁰, wato 2, 4, 8, 16 har 1024, a roƙi mai share allo ya bar shi mako guda, don za a yi ta komawa gare shi.

Rana ta biyu ita ce ranar ninkawa, ita ce kuma ta fi cancantar a yi mata haƙuri. A rubuta 2³ × 2⁴, a hana kowa faɗin amsa sai ya warware ta: biyu sau uku a hagu, biyu sau huɗu a dama, sa'an nan ya ƙirga da yatsa ya tarar bakwai ne. A duba tsani, 8 sau 16 ya ba da 128, ga shi kuwa a gaban 2⁷. A maimaita da 3, da 5, da 10; a nan kuɗi yana taimakawa, tun da kowane yaro ya san jika sefa 1000 ce, wato 10³, jika dubu kuwa miliyan ce, 10³ × 10³ = 10⁶. Idan aka yi misali biyar ko shida, lalle wani daga bayan aji zai ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ai tarawa kawai ake yi!" To a lokacin ne ƙa'ida ta halatta a rubuta ta, a bar shi ya faɗe ta da Hausa tukuna, sa'an nan a mai da ita Faransancin da za a tambaye shi da shi a jarrabawa. Malaman hisabi na da ma da wannan tarawa suke raɗa wa martabobi suna: x² suna ce masa mal, x³ ka'ab, x⁵ kuwa mal ka'ab, biyu da uku ke nan, kamar yadda Alkaraji ya jera su a Bagadaza wajen shekara ta 1000.

Sai dai ƙa'ida ba ta zama a zuciya sai an san iyakarta, don haka wajibi ne a kawo nan take wuraren da ba ta aiki. 2³ + 2⁴ shi ne 8 da 16, wato 24, ba shi da alaƙa da 128. 2³ × 3² shi ne 8 sau 9, wato 72, tushe ya saɓa, babu abin tarawa. Rabawa kuwa ba ta da wuya ga wanda ya fahimci ninkawa: a warware 2⁵ a sama, 2³ a ƙasa, a soke uku da uku, biyu su rage. Haka nan (2³)², a rubuta 2³ sau biyu, a sami 2⁶ = 64, a ajiye shi kusa da 2³ × 2² = 32 don ido ya ga bambancinsu.

Mas'alar da ta fi tayar da gardama ita ce ta sifiri, domin hankalin yaro ba ya yarda cewa 2⁰ ɗaya ne, kuma yana da gaskiya ya ƙi yarda muddin ba a kawo masa hujja ba. Hujjar tana jikin tsani. A sauko daga 2⁴: 16, 8, 4, 2, kowane mataki rabin na samansa, a tambaye su, in aka ƙara sauka ɗaya me za a samu? Da bakinsu za su ce 1. A ci gaba, 2⁻¹ rabi ne, 2⁻² rubu'i, 2⁻³ sumuni, sunayen da duk wanda ya taɓa zama inda ake rabon gado ya ji su. Da wannan za su gane cewa martaba mai alamar ɗebewa ba ta mai da lamba ƙasa da sifiri, ƙanƙanta ta kawai take yi. Irin wannan jadawali, ɗaya a tsakiya, martabobi suna hawa ta gefe guda suna sauka ta ɗayan, Samau'al Almagribi ya zana shi a ƙarni na 12 cikin littafinsa Albahir, yana saurayi ɗan shekara 19. A ƙara musu da cewa tushen da yake sifiri ba ya shiga wannan hukunci, kuma (−3)² tara ne, amma −3² ɗebe tara ne, saboda baka biyu su ke nuna abin da martaba ta hau.

Sai bayan duk wannan ya zauna a shigo da haruffa. Ƙofar da na fi so ita ce lambar da suka riga suka sani: 352 ai 3 × 10² + 5 × 10 + 2 ne, in aka sa x a madadin 10 sai ya zama 3x² + 5x + 2, jimla mai gaɓa uku. Tun da sun saba jera ɗaruruwa ƙarƙashin ɗaruruwa, gomomi ƙarƙashin gomomi, haka za su jera x² ƙarƙashin x². In aka tara ta da x² − 2x + 4 a sami 4x² + 3x + 6. Malamai da yawa sukan ce x hatsi ne, x² dawa, ba a haɗa tiyarsu a ƙirga ɗaya. Misalin yana da daɗi a ranar tarawa, amma ina ba da shawara a yi hattara da shi, domin gobe za a ce a ninka x da x, yaro ya tambaya yaya hatsi sau hatsi ya zama dawa, malam ya rasa ta cewa. Harafi lamba ne da ba a bayyana ba, a tsaya a kan haka. Wajen ɗebewa kuwa, alamar da ke gaban baka tana juya kowace gaɓa da ke ciki, har ta ƙarshe, wadda ita ce aka fi mantawa. In aka ɗebe jimla ta biyu daga ta farko a misalinmu, amsar 2x² + 7x − 2 ce.

Ninka jimla da jimla darasi ne da ya fi kyau a fita da shi tsakar makaranta, tun da ƙasar nan rairayi ce mai karɓar zane, alli kuwa tsada gare shi. A zana gona da kara, tsawonta x da ƙarin 3, faɗinta x da ƙarin 2, a ja layi biyu su raba ta huɗu, a tsayar da yaro ɗaya a kowane yanki, maza da mata, kowa ya faɗi girman inda yake tsaye: x², 3x, 2x, 6. Jimla x² + 5x + 6. Sa'an nan a zana murabba'i mai gefe 13, wato 10 da 3, a raba shi huɗu a tsayar da yara kamar ɗazu, a tambayi 13². Wanda ya ce (a + b)² shi ne a² + b² zai kawo 109, alhali amsa 169 ce. Sai a nuna masa yara biyun nan da ke tsaye a yankuna masu talatin-talatin, a ce ya gaya musu dalilin da ya hana su rabonsu na sittin. Wannan zane gadon malamai ne: Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafin Aljabru wal Muƙabala a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, da murabba'i ya kafa hujjar cewa x² + 10x = 39 yana ba da 3, kuma da kalmomi zalla ya yi bayaninsa, gama ɗora ƙaramar lamba a kafaɗar harafi bai yaɗu ba sai bayan littafin Dekart na 1637. A rufe da 21 × 19, wanda yake 400 ban da 1, wato 399, don su ɗanɗana amfanin (a + b)(a − b). Rabawar jimloli a bar ta sai an kai lise, amma ba laifi a nuna musu cewa raba x² + 5x + 6 da x + 2 ɗan'uwan raba 156 da 12 ne, wancan ya ba da x + 3, wannan 13.

Abu na ƙarshe, wanda ya kamata ya zama al'ada, shi ne gwaji. Duk amsar da yaro ya samu, ya sa lamba a madadin x ya gani ko ɓangarorin biyu sun yi daidai. Kada ya zaɓi 1, domin 1² da 1³ duk ɗaya ne, kuskuren martaba zai wuce ba a gan shi ba. 3 ya fi. A misalin ɗebewa na ɗazu, 44 ban da 7 ya ba da 37, 18 + 21 − 2 ma 37. A ajin da yara suka yi yawa, littattafai suka yi kaɗan, wannan ne ke sa kowa ya zama mai gyaran aikin kansa.

Hadda ba abar zargi ba ce, Ibnul Yasamin, wanda ya rasu a Marrakush a 1204, ya ma tsara ƙa'idojin aljabara cikin waƙa don ɗalibai su riƙe. Amma matsayinta bayan fahimta ne. Saboda haka, malam, ko da sufeto yana tafe kuma jarrabawar BEPC ta matso, kada ka yi rowar mako biyun farko. Ka ɗauki minti goma a farkon kowane darasi a warware misali uku da doguwar hanya, kada kuma ka rubuta ƙa'ida a allo sai wani daga cikin yaran ya riga ka faɗinta.