Injin Gas da Injin Fetur: Wanne Ya Fi Ƙarko?

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, malaminmu na darasin aron kalmomi ya umarci kowane ɗalibi ya zaɓi sana'a ɗaya, ya je wurin masu yin ta, ya tattaro kalmomin da suke amfani da su. Ni kanikanci na zaɓa, kuma ba banza ba. Mahaifiyata tana da injin markaɗe a kasuwa. Da shi take markaɗa wa jama'a tattasai da tumatir da wake, da shi kuma ake biyan kuɗin makarantata. Injin ya fara hayaƙi da shan baƙin mai, an gyara har an gaji, ga shi kuma ɗaukar adashinta ya kusa. Abin da ya dame ta shi ne, ta sake sayen na fetur, ko ta ƙara kuɗi ta sayi na gas, wanda kowa yake cewa ba ya mutuwa? Da wannan tambaya na je unguwar Sabo, wurin wani dattijon bakanike mai gyaran janareta da injunan ban ruwa. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan ƙananan injunan da iska ke sanyaya su, wato waɗanda ba su da lagireto.

Kalmar gas

Darasin farko da na samu na harshe ne. Na ce "dizal", dattijon ya fahimta, amma shi "gas" ya yi ta cewa har muka rabu. A Hausar gareji, gas shi ne man dizal. Na girki kuwa akan ce iskar gas idan ana son bambantawa. To amma mutanen Amurka fetur suke kira gas. Saboda haka duk wanda aka ba littafin inji daga Amurka ya fassara, idan ya bar kalmar yadda ya gan ta, yana iya sa manomi ya ɗura wa injinsa man da ba nasa ba. Haka kuma baƙin mai shi ne man da ake zubawa a cikin inji domin ƙarafa su daina cin juna, ko da yake lokacin da aka sayo shi ba baƙi ba ne.

Yadda suke aiki

Injunan biyu duk aiki huɗu suke maimaitawa: shaƙa, matsawa, ƙonawa, da fitar da hayaƙi. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya ƙera inji mai wannan tsari a 1876. A injin fetur, kafireto ke haɗa iska da mai, fistin ya matse su kamar ninki 8 ko 9, sannan fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta. Na gas kuwa sunan dizal ya samo shi daga Rudolf Diesel, wanda injinsa ya yi aiki sosai a garin Augsburg na Jamus a 1897. Wannan inji ba shi da fulogi. Iska zalla yake shaƙa, ya matse ta kamar ninki 20 har zafinta ya wuce digiri 500. Sai nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa.

Daga wannan matsi ne ƙarkon injin gas ya samo asali. Tun da ƙarfin da ke sauka a kan fistin yana da yawa, dole a yi masa karanshaf mai kauri da gangar jiki mai nauyi. Misali, injin fetur na Honda GX390 kilo 30 ne da ɗoriya, shi kuwa Yanmar L100 na gas ya kai kusan kilo 50, alhali bai fi shi ƙarfi ba. Wani bambancin yana wajen baƙin mai. Yawancin ƙananan injunan fetur wani ɗan ƙarfe ne kamar cokali yake fantsama man a ciki, amma irin wannan na gas yana da famfon da ke tura man zuwa inda ake bukatarsa. Sannan shi man gas yana da maiƙo, ba ya wanke bangon silinda kamar yadda fetur yake yi idan ya yi yawa, kuma lita ɗaya tasa ta fi ta fetur daɗewa a aiki iri ɗaya.

Har zuwa nan na ɗauka magana ta ƙare, na fara haɗa takarduna.

Sunan wani ake ci

Sai dattijon ya ce da ni, "Samari, zauna tukuna. Gas ɗin da kake jin labarinsa, Lista ne. Waɗannan na yanzu sunansa suke ci."

Lister kamfani ne na garin Dursley a Ingila, kuma injinsa da aka fi sani, mai suna CS, an yi ta ƙera shi daga wajen 1930 har zuwa 1987. Har yanzu ana yin kwaikwayonsa a garin Rajkot na Indiya. Shi ne wanda iyayenmu suka sani a gidajen niƙa, mai bugawa a hankali kamar ana daka. Ruwa ne yake sanyaya shi, nauyinsa ɗaruruwan kilo ne, kuma sau 650 kawai yake juyawa a minti ɗaya. Ƙaramin injin gas na yau da ke kan janareta kuwa sau 3,000 yake juyawa a minti, daidai da ɗan uwansa na fetur, domin da wannan gudun ne yake ba da irin wutar da muke amfani da ita a Nijeriya. Mu yi lissafi: a awa ɗaya Lista ya juya sau 39,000, ƙaramin kuwa sau 180,000. Kowane juyi gogayya ce tsakanin zoben fistin da silinda. Ashe ba a yi adalci ba idan aka sa ran ƙaramin zai yi shekarun babban don kawai mai ɗaya suke sha.

Shi ma fetur akwai wanda ya ɓata masa suna, wato ɗan ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Tsarinsa daban ne, ba a kuma yi shi domin doguwar tafiya ba, don haka bai kamata a auna sauran da shi ba.

Zafi da ƙura

Injin da ba shi da lagireto ya huta da yoyon ruwa da tsatsa, amma ransa yana hannun iska. A jikin silindarsa akwai wasu tsage-tsagen ƙarfe da ke fitar da zafi, akwai kuma fanka da ke hura musu iska ta ƙarƙashin murfi. Dattijon ya nuna mini wani inji da mai shi ya cire wa murfin, wai don ya sha iska. Ya ce wannan ganganci ne, domin murfin ne yake kora iskar ta bi inda ya kamata, idan babu shi sai ta watse. Haka nan idan ƙurar hunturu ko ta gari ta haɗu da maiƙo ta toshe tsage-tsagen, zafi zai taru, baƙin mai ya tsinke, zobe ya cinye. Masu kulle janareta a ɗan ɗaki saboda ɓarayi ko ƙara su ma suna dafa shi ne da zafinsa, ban da haɗarin hayaƙin da ke kashe mutane cikin barci. A wannan fage gas da fetur duk kanwar ja ce.

Inda na gas yake da rauni

Lagon injin gas yana wurin nozul da famfon mai. Ramukan da man ke bi ƙanana ne ƙwarai, saboda haka ɗan ruwa ko datti, ko gas ɗin da aka gauraya da kananzir, ya isa ya lalata su. Gyaransu yana da tsada, kuma ba kowane bakanike ne ya iya ba. Kafireto kuwa ko yaron shago zai kwance ya wanke, fulogi kuma ana samunsa a kowace kasuwa. Bugu da ƙari, injin gas ba ya son wasa. Idan aka riƙa kunna shi ana kashewa kafin ya yi zafi, ko aka bar shi yana gudu ba tare da aikin kirki ba, man ba ya ƙonewa duka, sai baƙin hayaƙi ya daskare a nozul da salansa. Batun farashi ma ba a bar shi a baya ba. Gwamnati ta daɗe da cire hannunta daga farashin gas, shi kuwa fetur sai a watan Mayun 2023 aka ba da sanarwar janye tallafinsa, don haka shekara da shekaru fetur ne mai araha.

A ƙirga awa

A ganina babban abin da na koya shi ne da awa ake ƙirga ran inji, ba da shekara ba. Manomin rani da zai tayar da injin ban ruwa tun safe har yamma a wuri ɗaya, ko mai walda, shi ne zai ci ribar na gas, muddin yana da wurin sayen mai mai tsabta. Duk da haka manoman fadama da yawa na fetur suke saye, saboda mutum ɗaya zai iya ɗora shi a babur ya kai gona ya dawo da shi gida.

Da na yi wa dattijon bayanin aikin mahaifiyata, cewa takan kunna injin ta markaɗa roba ɗaya ko biyu ta kashe, sai ya tambaye ni yaushe rabon da a juye baƙin man. Na ce ciko muke yi idan ya ragu. Ya daɗe yana kallona. Ya ce littafin irin wannan inji cewa ya yi a juye man bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 100, ga shi man da yake ci bai kai lita ɗaya ba. A aikinta wannan ya kama kusan sau ɗaya a wata. Ya ce, "Ka gaya wa Mama ta sayi na fetur mai kyau, ta riƙe sauran kuɗinta. Ko na gas ta saya, da wannan riƙon bugawa zai yi."

Na fetur ɗin ta saya, ni kuma aka ɗora mini rubuta ranar juye mai a bangon shago da gawayi. Kalmar "buga" kuwa sai da na koma na tambayi ma'anarta, domin a littafina na aji duka kawai take nufi. A gareji, idan aka ce inji ya buga, ana nufin ƙarafan cikinsa sun cinye juna ya tsaya cik, sai dai a sauke shi a yi masa babban aiki.