Darasi: Ziyarar Ma'adanar Ƙwari da Amfaninta ga Manoman Suleja

Gabatarwa

Manoman Suleja da kewayenta, irin su Maje da Kwamba da Madalla, suna noman masara da dawa da doya da rogo da wake. Kowanne daga cikin waɗannan amfanin gona yana da ƙwarin da ke addabarsa. Sau da yawa manomi kan ga tsutsa a gona, sai ya garzaya kasuwa ya sayo magani ya fesa, alhali bai san irin ƙwaron da yake yaƙi da shi ba. Sakamakon haka shi ne asarar kuɗi da lokaci, wani lokacin ma har da illa ga lafiya. Manufar wannan darasi ita ce bayyana wa manoma da malaman gona yadda za su amfana da ma'adanar ƙwari wajen gane abokan gaba da abokan arziki a gonakinsu.

Mece ce ma'adanar ƙwari?

Ma'adanar ƙwari ɗaki ne da masana ke tattara matattun ƙwari iri-iri, su adana su domin nazari. A Arewa akwai irinta a Sashen Kare Amfanin Gona na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya. Asalin wannan cibiya ya faro ne a shekarar 1922, aka kuma haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ɗalibai da masu bincike daga sassa daban-daban na ƙasar nan sukan kai ƙwari can domin a tantance musu sunayensu.

A irin wannan ɗaki, ana soke ƙwari masu tauri da siririyar allura, a jera su cikin akwatuna masu murfin gilashi. Tsutsotsi da sauran masu taushin jiki kuwa cikin kwalabe ake zuba su da sifirit. A ƙarƙashin kowane ƙwaro akwai 'yar takarda mai ɗauke da sunansa da wurin da aka kama shi da kwanan wata. Da waɗannan ne ake kwatanta duk wani ƙwaro da aka kawo daga gona.

Dalilin da ya sa sanin sunan ƙwaro ke da muhimmanci

A farkon shekarar 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa tana cin masara a kudu maso yammacin Nijeriya. Da masana suka bincika, sai suka gano cewa daga nahiyar Amurka ta fito. Ba a daɗe ba ta bazu a yawancin ƙasashen Afirka. A wannan shekarar ce kuma tsutsar tumatir, wadda manoma ke kira sharon, ta yi mummunar ɓarna a jihohin Kano da Kaduna, har tumatir ya yi tsada ƙwarai a kasuwanni.

Akwai kuma darasi a tarihin rogo. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da gari ya shigo Afirka yana lalata rogo. Masana sun bi sawunsa har Faraguwai, a Kudancin Amurka, inda suka samo wata 'yar ƙaramar rina da ke saka ƙwanta a jikinsa ta kashe shi. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta fara sakin wannan rina a 1981, ta kuwa rage ɓarnar ba tare da feshi ba. Da ba a tantance ainihin ƙwaron ba, da ba a san inda za a nemo maganinsa ba.

Abubuwan lura a lokacin ziyara

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Idan ƙungiyar manoma ta sami damar zuwa, to, ta mai da hankali ga waɗannan:

1. Siffar ƙwaro. Cikakken ƙwaro yana da ƙafa 6, jikinsa kuma ya kasu kashi 3: kai da ƙirji da ciki. Gizo-gizo yana da ƙafa 8, don haka ba a lissafa shi cikinsu.

2. Matakan rayuwa. Yawancin tsutsotsin gona 'ya'yan wani ƙwaro ne mai fiffike, dangin malam-buɗe-littafi. Daga ƙwai sai tsutsa, daga nan sai ta dunƙule cikin kwanso, sannan ta fito da fiffike. A nemi ganin dukkan matakan, domin tsutsar ce ke ɓarna, uwar kuma ita ke yaɗa iri.

3. Bambancin masu kama da juna. Baƙuwar tsutsar masara tana da alama a goshi kamar harafin Y a kife, da ɗigo baƙaƙe 4 a kusa da ƙarshen jikinta. Takan zauna a ƙoƙon ganye, ta bar kashi mai kama da dusar katako. Tsutsar kara kuwa huda kara take yi ta shige ciki, inda feshi ba ya isa gare ta da sauƙi.

4. Ƙwarin doya da na rumbu. A duba buzuzun doya, wanda ke hayayyafa a ƙasa mai danshi ta bakin rafi, sannan ya tashi zuwa gona ya rarake doya. A duba kuma ƙwaron wake, wanda yakan fara shiga tun daga gona kafin a kai rumbu.

5. Abokan manomi. Ƙoƙi-ƙoƙi da rina da zanzaro suna cin tsutsotsi da ƙananan ƙwari. Akwai kuma ɗan ƙaramin buzuzu mai ɗigo-ɗigo da ke cin darɓa. Ƙudan zuma yana taimaka wa furanni su ƙulla 'ya'ya. Feshin ganganci yakan kashe waɗannan tare da masu ɓarna.

Shirin tafiya

Daga Suleja ana bin hanyar Kaduna ne zuwa Zariya, sannan a nufi Samaru. Ma'adanar wurin aiki ce da karatu, saboda haka ya kamata shugaban ƙungiya ya rubuta takardar neman izini ta hannun malamin gona tun kafin ranar tafiya. A tafi da littafi da alƙalami, kuma kada a buɗe akwati ko a taɓa ƙwaro sai da izinin jami'i, domin busasshen ƙwaro yana karyewa nan da nan.

Yadda ake haɗa samfuri

Wanda bai sami zuwa ba yana iya aika samfuri ta hannun malamin gona. Ga yadda ake yi:

1. A kama ƙwari da dama, manya da ƙanana, kada a murƙushe su.

2. A tsoma tsutsa cikin ruwan zafi na ɗan lokaci, sannan a saka ta a kwalba mai sifirit.

3. Masu fiffike irin na malam-buɗe-littafi a naɗe su a busasshiyar takarda, kada a jiƙa su.

4. A haɗa da ganye ko karan da aka ci, a naɗe a takarda, domin leda tana ruɓar da shi.

5. A rubuta sunan ƙauye da kwanan wata da irin shukar. A yi amfani da fensir, saboda sifirit yana wanke tawada.

Bayan dawowa gida

Amfanin ilimi aiki da shi. Manomi ya riƙa zagaya gonar masararsa aƙalla sau ɗaya a mako tun daga tsirowa. Ya zaɓi wurare 5 a sassa daban-daban na gonar, ya duba shuka 10 a kowane wuri, ya ƙirga waɗanda suka kamu. Idan ya ga gungun ƙwai ko ƙananan tsutsotsi, ya murƙushe su da hannu. Idan feshi ya zama dole, ya nemi shawarar malamin gona, ya sayi magani mai rajistar hukumar NAFDAC, ya sa kayan kariya, ya yi feshin da sassafe ko da yamma, yana auna ƙoƙon masarar. Duk wanda ya ga ƙwaron da bai taɓa gani ba ya gaggauta sanar da malamin gona, domin rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Kawo alamomi 2 da ake gane baƙuwar tsutsar masara da su.

2. Ambaci ƙwari 3 masu amfani ga manomi.

3. Me ya sa ake rubuta bayanin samfuri da fensir?