Gundumar Oimiyakon, Inda Sanyi Ya Yi Gida

Idan hunturu ya kama a nan wurinmu, da yawa daga cikinmu sai mun sha tsawa kafin mu yi wanka da safe. To, 'yan'uwana ɗalibai, ku zo in ba ku labarin wata gunduma a ƙasar Rasha, wadda in mutanenta suka ga sanyin da muke kuka da shi, dariya za su yi mana.

Sunan wannan gunduma Oimiyakon. Tana cikin Jamhuriyar Saha, wadda ake kuma kira Yakutiya, can arewa maso gabashin Saibiriya. An kafa ta a shekarar 1931, zamanin Tarayyar Sobiyet. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 92,000 da 'yan kai, watau ta fi Jihar Neja girma, ga shi kuwa Neja ita ce ta fi kowace jiha faɗi a Nijeriya. Ƙasar duwatsu ce da kwazazzabai, kuma babban kogin da ya ratsa ta shi ne Indigirka, wanda ya miƙa arewa har ya faɗa teku.

Me ya sa sanyin wurin ya yi yawa haka? Dalilai uku ne. Na farko, gundumar tana can arewa ƙwarai, saboda haka a watan Disamba rana 'yan sa'o'i kaɗan kawai take yi a sama. Na biyu, duwatsu sun tare ta daga iskar teku mai rage kaifin sanyi. Na uku, ƙauyukan suna cikin kwari ne, iska mai sanyi kuwa nauyi gare ta, sai ta gangaro daga kan duwatsu ta kwanta a kwarin kamar ruwa a cikin kwano. A watan Fabrairu na 1933 aka auna sanyi a Oimiyakon ya kai digiri 67.7 ƙasa da sifiri. Amma abin mamaki, da rani zafi yakan wuce digiri 30.

Ƙasar wurin a daskare take tun fil azal, samanta kaɗai ke narkewa da rani. Don haka manyan gine-gine a kan ginshiƙai ake ɗora su, domin in ɗumin ɗaki ya narkar da ƙasa, ginin zai nutse ya tsage. Noman hatsi kuwa ba a maganarsa. Mutanen ƙabilar Yakut suna kiwon shanu da wasu gajerun dawakai masu yawan gashi, waɗanda ke tona ƙanƙara da kofato su ci ciyawar da ke ƙarƙashi. 'Yan ƙabilar Eben su kuma suna kiwon wata irin barewa ta ƙasashen sanyi. Nama da kifi da madara su ne abincin yau da kullum.

Yanzu sai mu duba yawan jama'a, don nan ne abin lura yake. A ƙidayar 1989 an sami mutum 31,078. A ta 2002 suka koma 14,670, a ta 2010 kuwa 10,109. Watau cikin shekara 21 kacal, kashi biyu cikin uku na mutanen sun ragu. Dalili shi ne zinariya. Tun wajen 1937 aka fara haƙar ta a yankin, da farko da ƙarfin fursunonin da gwamnatin Stalin ta tura can, waɗanda da yawansu suka mutu wajen aikin ma'adinai da gina hanyar Kolima. Daga baya gwamnati ta riƙa jawo ma'aikata da albashi mai tsoka. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, aka rufe wuraren aiki da dama, baƙi suka tattara nasu ya nasu suka koma inda suka fito, har wasu garuruwa suka zama kufai. Makiyayan asali su ne suka fi zama, gama kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Game da mulki, hedkwatar gundumar ba a ƙauyen Oimiyakon take ba, tana garin Us-Nera, inda kogin Nera ya haɗu da Indigirka. A 2010 fiye da rabin mutanen gundumar a nan suke zaune. A Saha, gunduma ana ce mata ulus, ƙaramar hukumar ƙauyuka kuwa nasileg. Gundumar tana da shugaba da majalisar wakilai, sama da su akwai gwamnatin jamhuriya a birnin Yakutsik, sama da ita kuma sai ta tarayya a Mosko.

Aikin waɗannan hukumomi ba ƙarami ba ne. Ku auna: bisa ƙidayar 2010, mutum ɗaya ke nan a kowane murabba'in kilomita 9, amma dole kowane ƙauye ya sami makaranta da ɗakin shan magani da hanya. Dole kuma a tanadi gawayin kwal da mai tun kafin sanyi ya shigo, don in wutar ɗumama gidaje ta mutu a watan Janairu, rayuka ne za su salwanta.

Tambayar da na bar muku, ku da iyayenmu, ita ce: in zinariyar ta ƙare sarai, wa zai ɗauki nauyin waɗanda suka rage?