Kwaɗaitarwa da Tsoratarwa Wajen Tarbiyyar Yara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi iyaye da malaman makarantun allo, tun daga Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi har ya rasu a 1837, zuwa Rabah da Goronyo. Tambayar ita ce: tsakanin lada da bulala, wanne ya fi kafa hali a zuciyar yaro?

Masana halayyar ɗan Adam sun bincika wannan. A 1898 wani Ba'amurke, Edward Thorndike, ya riƙa kulle kyanwa cikin akwati, ya ajiye abinci a waje. Da ta dace da abin da ke buɗe ƙofa ta sami abinci, sai ta riƙa maimaita shi, tana ƙara sauri. Ya fahimci cewa aikin da daɗi ya biyo bayansa yakan kafu. A 1932 ya ƙara da cewa ƙarfin horo wajen kankare hali bai kai ƙarfin lada wajen kafa shi ba. B. F. Skinner, wanda ya gwada ɓeraye da tantabaru, ya nuna cewa horo yakan danne hali ne na ɗan lokaci, kuma lada ta fi tasiri idan ta zo nan take.

Malamanmu sun riga su gane haka. Ibnu Haldun ya bayyana cikin Muƙaddima cewa tsanantawa tana koya wa almajiri ƙarya da yaudara da kasala, domin tsoro yakan sa ya ɓoye abin da ke ransa. Imam Gazali ya yi horo da a yaba wa yaro a gaban mutane idan ya kyauta, a kau da kai daga kuskurensa na farko. Ibnu Sahnun na Ƙairawan, babban malamin Malikiyya, ya iyakance dukan ladabi ga bulala uku, sai da izinin uba a ƙara, kuma ban da fuska da kai. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah hidima shekara goma bai taɓa tsawata masa ba.

Saboda haka, malam, yaron da ya kawo haddarsa daidai ka sa masa albarka a take, kada ka jira ranar sauka da zayyanar allo. Wanda ya yi kuskure ka nuna masa daidai, domin bulala ba ta biya wa kowa karatu. Sa'an nan, yayin da yake girma, ka riƙa janye kyautar hannu kana ɗaura zuciyarsa ga ladar Allah, don kada ya tashi yana aiki saboda yabon mutane.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, amin. Wassalamu alaikum.