Yasar Kwata: Daga Ina Ake Farawa?

'Yan uwa ɗalibai, gayyar yasar kwata a Samaru ko Sabon Gari tana da ƙa'ida. A sanar da mai unguwa, a yi aikin cikin Afrilu kafin damina ta kankama. Daga gangare ake farawa a hauro, don ruwan da aka buɗe ya sami hanya. Babban kuskure shi ne a tara dagwalo da ledojin fiya wata a bakin titi a watse. Ruwan farko zai mayar da su, ga shi rafin Samaru cikin madatsar Kubanni yake zuba, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke ɗibar ruwan sha. Don haka a nemi baro da wurin zubarwa kafin a ɗauki shebur. Safar hannu kam dole ce, akwai fasassun kwalabe.